Bakan faiba na haɗin gida: daga ina fararen tabo, murɗewa da yawan nauyi suke fitowa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Rijiyar Lemo, kuma na daɗe ina sha'awar harbi da baka. Sau biyu ina gwada haɗa baka na zamani mai juyayyen kai, irin wanda ake manna katako da faiba. Na farko na yi shi da tabarmar faiba da rezin irin na masu gyaran tankin ruwa, bai yi mako guda ba ya saki, ya fara ɗagowa kusa da mariƙi. A na biyu na yi odar faibar baka ta ainihi daga waje, mai kaurin inci 0.040, na yanka fallayen katako da kaina, na manna da ifoksi, na ɗaure da robar tub, na shanya a rana. Ya fito da kyau a ido, amma akwai fararen tabo a ƙarƙashin faibar, reshen sama yana karkata hagu idan na ja har tsarkiya ta taɓa zamewa, sannan na nufi laba 40 sai ga sikeli yana nuna 55. Ina kuskuren yake, kuma wannan na biyun zai gyaru?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙunshi matsaloli huɗu, ɗaya ta bakan farko, uku kuma na baka na biyu, wato tabon da ke ƙarƙashin faiba, karkatar reshen sama, da nauyin ja da ya zarce abin da ka nufa da laba 15. Bayan haka kana son sanin ko na biyun zai gyaru ko haƙura za ka yi da shi. Zan faɗi ra'ayina tun daga farko domin a kansa sauran bayanin zai hau: mafi yawan abin da ka gani ranar da ka ɗaura tsarkiya ya riga ya auku tun kafin gam ya bushe, a wajen zaɓen kaya, awo, da ɗauri. Ja bai haifar da komai ba, fito da shi fili kawai ya yi. Bakan ba ya hannuna, don haka a kan bayaninka zan yi hukunci, kuma duk inda hukuncin yake buƙatar ido da awo zan gaya maka yadda za ka duba da kanka.

Yadda irin wannan baka yake aiki

Bakan da maharbanmu suka gada, wanda har yau ake gani a hannun 'yan baka a hawan sallah, itace ne guda ɗaya, kuma shi kaɗai yake ɗaukar dukkan wahalar ja. Bakan faiba ya raba wannan aiki gida uku. Idan ka ja tsarkiya, bayan baka, wato fuskar da ke kallon abin hari, miƙewa yake yi. Cikinsa, fuskar da ke kallonka, matsewa yake yi. Faibar da ke waɗannan fuskoki biyu ita ce take ɗaukar mafi yawan ƙarfin. Katakon tsakiya aikinsa shi ne ya riƙe faibar biyu a tazarar da ta dace. Shi kuwa gam, shi yake hana fallayen zamewa a kan juna duk lokacin da reshe ya lanƙwasa. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, sauran biyun ba za su iya rufa masa asiri ba.

Wannan tsari ya kafu ne a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, kuma kamfanin Fred Bear, wanda a lokacin yake Grayling a jihar Michigan, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi a farkon shekarun 1950, lokacin da aka koma amfani da faibar da zarenta duka yake bin tsawon baka. Wannan shi ne bayanin mutuwar bakanka na farko. Tabarmar faiba ta masu tanki da masu gyaran bamban mota guntayen zare ne da aka watsa ta kowace fuska, domin tanki yana buƙatar ƙarfi daidai a ko'ina. Faibar baka kuwa zarenta a jere yake tun daga wannan kai har wancan, kamar zaren tsaye a masaƙa, kuma an riga an gasa ta a masana'anta da kauri guda. Rezin ɗin masu tanki, wato foliyesta, ba ya kama katako yadda ifoksi yake kamawa, kuma yana tsagewa idan aka yi ta lanƙwasa shi. Babu wata ƙwarewar hannu da za ta ceci wannan haɗi, saboda haka ka bar na farko ya zama na rataye a bango, kada ka sake ɗaura masa tsarkiya.

Fararen tabon da ke ƙarƙashin faiba

A nan zan fi daɗewa, domin wannan matsala ita ce za ta yanke hukunci a kan bakan. Farin tabo a ƙarƙashin faiba mai haske yana nufin a wannan wuri faiba da katako ba su haɗu ba. Iska ce a tsakaninsu, ko kuwa gam ɗin ya yi ƙaranci har ya bar wurin a bushe. Daga yadda ka bayyana aikinka, ina zargin abubuwa huɗu, kuma mai yiwuwa sun taru ne.

Na farko shi ne robar tub. Ana iya haɗa baka mai kyau da roba, ni ma ina amfani da ita a wasu ayyukan, amma tana da hali guda da ya kamata ka sani: idan ta zagayo ta kan reshe mai faɗin inci ɗaya da kwata uku, gefuna biyu take dannewa, tsakiya kuma ta bar shi da sauƙi. Idan tabonka sun yi layi a tsakiyar reshe, to ka sami mai laifi. Maganinsa shi ne a shimfiɗa siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa a kan faibar, sannan a ɗora wata roba mai kauri ko siririn katako mai tudu a tsakiyarsa, ta yadda ɗaurin zai fara sauka a tsakiya ya kori gam da iska zuwa gefe. Hanyar da ta fi wannan tabbas ita ce ta tiyon kashe gobara: mol mai sama da ƙasa, wato katakon da ake danne baka a kai don ya ɗauki siffa, a sa tiyon a tsakani, a toshe bakinsa biyu, a hura masa iska ta bawul ɗin taya har geji ya nuna kusan 60 a ma'aunin masu faci, abin da ya kusa ninka iskar tayar ƙaramar mota. Iska tana danna ko'ina daidai, har cikin lanƙwasar kai inda roba ta fi yin rauni. Sai dai mol ɗin dole ya zama mai kauri, da ƙarafa da kusoshi masu noti, domin ƙarfin da ke tura shi ya fi yadda ido yake zato.

Na biyu ya shafi sana'arka kai tsaye. Hannun kafinta ya saba da cewa katako mai santsi shi ne katako mai kyau, amma a wajen manna baka akasin haka ake so. Fallen da ya fito daga injin fere katako yana sheƙi ba shi da inda gam zai riƙe. Ana karce shi da samfefa mai kaushi, lamba 36 zuwa 60, ana bin tsawon katakon, sannan a kakkaɓe ƙurar da buroshi mai tsabta, daga nan kuma kada a sake taɓa fuskar da hannu, domin gumi da maiƙon yatsa sun isa su bar tabo daidai girman yatsan. Ita ma faibar tana da fuska biyu: mai kaushi ita ce ta gam, mai santsi ita ce ta waje, wadda ake rufewa da salatif ɗin masu fenti kafin a fara aiki. Idan katakon mai maiƙo ne, irin loko ko tik, a goge shi da asiton, wato ruwan sinadari mai wanke maiƙo, a bari ya sha iska, a manna nan take.

Na uku shi ne yadda aka shafa gam. Kowace fuska da za ta haɗu da wata sai an shafa mata nata, ba a shafa wa ɗaya a kifa ɗaya a kai. Bayan ka gama shafawa, ka karkata fallen ga haske ka duba. Duk inda ya dushe, katako ya shanye, sai ka ƙara. Alamar cewa gam ya wadata ita ce ka ga ya tsattsafo a gefuna biyu tun daga mariƙi har kai, babu yankewa. Ba ka faɗi irin ifoksin da ka yi amfani da shi ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Gam mai kamawa cikin minti biyar, irin na ƙananan tub biyu da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, na gyaran gida ne. Yana fara daskarewa kafin ka gama jera fallaye, kuma yana laushi da zafi kaɗan. Wanda masu haɗa baka suka fi sani shi ne EA-40 na kamfanin Smooth-On, mai zuwa kashi biyu, A da B, ana haɗa shi ɗaya da ɗaya a mudu, ko biyu na A da ɗaya na B idan ana son ƙarin juriyar zafi, kuma yana ba mutum kusan awa biyu na aiki a digiri 23. Ka lura da wannan adadi na 23. Ifoksi yana saurin kamawa kusan ninki biyu a duk ƙarin digiri 10, saboda haka a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura 40, awa biyun nan ba za ta kai minti 45 ba, musamman idan an dama shi a kofi mai zurfi inda yake ɗumama kansa. Ni bayan sallar asuba nake mannawa a bazara, kuma a faranti mai faɗi nake damawa.

Na huɗu shi ne danshin katako da shanyar rana. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako na Na'ibawa da na unguwarku daga kudu yake zuwa, da ruwansa a jiki. Fallen baka ana so danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Idan ka manna shi da danshi, ka naɗe da leda, ka ajiye a rana, ruwan zai tashi ya nemi hanyar fita, kuma faiba ba ta barin komai ya wuce, sai ya taru a ƙarƙashinta. Rana kuma gefe ɗaya take duka, wancan gefe yana inuwa, ga shi babu mai sanin iyakar zafin da aka kai.

Wannan ya kawo mu ga gashi, wanda a garinmu ba na ɗaukarsa a matsayin zaɓi. Ifoksin da ya bushe a zafin ɗaki yana fara laushi idan ya haɗu da zafin da ya fi wanda ya bushe a ciki sosai, kuma cikin motar da aka rufe a rana a Kano yana wuce digiri 60 cikin sauƙi. Shi ya sa ake gasa baka a akwati: akwatin filawud mai rufi, a lulluɓe cikinsa da takardar alminiyam, a jera ƙwan lantarki irin na da masu zafi, kamar guda huɗu masu wat 100 zuwa 200, domin ƙwan zamani masu tsimin wuta ba sa ba da zafi. A riƙe shi tsakanin digiri 65 da 80 na awa huɗu zuwa shida, da ma'aunin zafi a ciki, sannan a kashe a bar shi ya huce a cikin akwatin har gari ya waye, ba tare da an sassauta ɗauri ba. Ka tanadi janareta da mai kafin ka dama gam, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi ba abin mamaki ba ne. Kada ka yi tunanin gawayi, kuma ka nisanta asiton daga akwatin. Wannan akwati shi ne kuma wurin busar da fallaye da mariƙi kwana ɗaya kafin aiki.

To yaya za ka san ko tabon da ke bakanka na kisa ne? Ka zagaye kowane tabo da alƙalami daidai iyakarsa. Ka ƙwanƙwasa shi da kwabo ka kwatanta sautinsa da na wuri mai lafiya. Wurin da ya rabu sautinsa a dushe yake. Sannan ka kafa bakan a bango a kan mariƙinsa, ka sa ƙugiya a tsarkiya da igiya ta bi ta ƙaramin fule, wato 'yar tayar da igiya take zamewa a kanta, ka tsaya nesa, ka ja inci 15 sau 20, ka duba, ka ƙara inci biyu, ka sake. Idan wani tabo ya ƙetare layin alƙalami, ko ka ji ƙara kamar ƙas, aiki ya ƙare. Haka kuma idan tabon ya kai faɗin farce kuma yana daidai ƙarshen mariƙi ko a tsakiyar reshe inda ya fi lanƙwasa, ni ba zan ja wannan baka kusa da fuskata ba ko da bai motsa a gwaji ba, kuma ba zan ba wani ya ja ba. Reshen da ya ɓalle a cikakken ja fuskar maharbi yake nufa, kuma ido ba ya da madadi. Ƙananan ɗigo kamar ƙwayar gero, a warwatse, waɗanda ba sa girma, yawanci muni ne kawai. Wanda yake a gefe ana iya ɗura masa sufagulu mai ruwa-ruwa a danne, ko ya tafi idan aka rage faɗi.

Karkatar reshen sama

Idan bakan ya tsallake wancan gwaji, sai a zo nan. Baka mai juyayyen kai ya fi miƙaƙƙen baka saurin murɗewa, domin reshensa faffaɗa ne siriri, kuma kansa yana gaban layin tsarkiya, ƙaramin bambanci tsakanin hagu da dama ya isa ya kautar da shi. Ƙa'idar ita ce kan reshe yana karkata ne zuwa gefen da ya fi rauni. Naka ya tafi hagu, ke nan ko dai gefen hagu ya fi laushi, ko kuwa tsarkiya tana zaune hagu da tsakiyar reshen.

Kafin ka taɓa magagari, ka yi awo uku. Ka cire tsarkiya, ka miƙa zare daga tsakiyar wannan kai zuwa tsakiyar wancan, ka ga ko ya ratsa tsakiyar mariƙi, kuma ko faɗin da ke hagunsa daidai yake da na damansa a duk inci biyu. Sannan ka auna kaurin reshen a gefen hagu da gefen dama da ma'aunin kauri mai nuna ɗaya cikin ɗari na milimita. Tun da da hannunka ka yanka fallayen, ina kyautata zaton a nan za ka ga bambanci, kuma kashi ɗaya cikin goma na milimita yana iya bayyana a ja. Na uku, ka ɗora sikwaya a kan mol ɗinka daga farko har ƙarshe. Idan fuskar mol ta karkata ko da kaɗan ne, musamman a lanƙwasar kai, to murɗewar gasa ta aka yi a jikin bakan, kuma duk bakan da ya fito daga wannan mol haka zai fito.

Gyara yana farawa daga gurbin tsarkiya, domin shi ne mafi sauƙi kuma shi ne ya fi yawan zama sanadi. Gurabu biyun da ke kan reshe dole zurfinsu da kusurwarsu su zama ɗaya. Idan kai ya karkata hagu, ana so tsarkiya ta matsa dama, wato a ƙara wa gurbin hagu zurfi. Masu wannan sana'a sukan rikita juna a kan hagu da dama saboda wani daga ciki yake kallo, wani daga baya, shi ya sa nake ba da shawarar gwajin da ba ya cin komai: ka cusa 'yar takarda mai ninki a gurbi ɗaya, ka ɗaura tsarkiya, ka ja a fule. Idan karkatar ta ragu, to ɗaya gurbin ne yake buƙatar zurfi. Idan ta ƙaru, wanda ka cusa wa takardar ne. Daga nan shafa uku ko huɗu na siririn magagari, a ɗaura, a ja sau 20, a duba. Idan gurbi bai wadatar ba, sai a rage gefen da ya fi ƙarfi, wato na dama a wajenka, da samfefa a kan katako, a tsawon wurin da reshe yake aiki, kaɗan-kaɗan, ana ƙirga shafa. Murɗewar da ta fito daga gurbi ko layin tsakiya tana gyaruwa sarai. Wadda ta fito daga falle mai kauri gefe ɗaya tana raguwa. Wadda ta fito daga karkataccen mol kuwa da wuya ta tafi.

Akwai kuma murɗewar da maharbi yake jawowa da kansa, ta hanyar ɗaura tsarkiya da ƙafa, a saƙala kai ɗaya a idon sawu a tanƙwaro ɗayan ta bayan cinya. Wannan ya dace da bakan itace mai kauri, amma yana murɗa reshen faiba. Ka yi igiyar ɗauri mai aljihun fata a kowane kai, ka taka tsakiyarta ka ɗago mariƙi. Ka duba tazarar tsarkiya daga mariƙi ma. Ga baka mai tsawon inci 58 zuwa 62 ana sa ta tsakanin inci 7 da 8 da rabi, kuma ana ƙara ta ne da murza tsarkiyar. Idan ka auna daga tsarkiya zuwa ƙarshen mariƙi sama da ƙasa, na sama ya kamata ya fi da milimita 3 zuwa 6 ga mai ja da yatsa ɗaya a sama biyu a ƙasan kibiya.

Laba 55 a maimakon 40

Da farko ka tabbatar a jan inci 28 ka auna, domin a nan ake ƙidaya nauyin baka, kuma kowane inci da ka wuce yana ƙara laba biyu zuwa uku. Idan awon daidai ne, to kauri ne. Taurin reshe yana bin faɗi ɗaya bisa ɗaya, amma kauri yana ninka kansa: ƙarin kashi 10 cikin 100 a kauri yana kawo ƙarin kashi 25 zuwa 30 a tauri. Reshen irin wannan baka, faiba biyu da katako, bai fi milimita biyar zuwa shida ba, saboda haka abin da ya raba 40 da 55 bai kai milimita ɗaya ba. Tef ɗin kafinta ba ya ganin wannan, kuma gam mai kauri da roba ta kasa matsewa shi ma yana ƙara nasa. Ana kuma so falle ɗaya ya riƙa sirancewa daga mariƙi zuwa kai, kamar inci 0.002 a kowane inci na tsawo, abin da ba ya samuwa sai da injin samfefa mai ganga da katakon jagora a ƙarƙashi.

Rage nauyi yana da iyaka. Zagaye gefuna, rage faɗi kaɗan daidai a ɓangarori biyu, da shafa fuskar faiba sama-sama da samfefa mai laushi, adadi ɗaya a kowane reshe, za su iya sauke maka kamar laba biyar. Fiye da haka za ka cinye faibar da ke riƙe da bakan, ko ka sirantar da reshen da dama yana murɗewa. Wannan baka ba zai zama na laba 40 ba. Idan ya tsira daga gwajin tabo kuma ya miƙe, zai tsaya wajen 50, kusan kilo 23, kuma wannan ya yi wa mai koyo nauyi. Laba 25 zuwa 30 ta fi dacewa da wanda yake gina hannunsa. Bakan naka na laba 50 kuwa ka harba shi da kibiya mai nauyin giram 26 zuwa 32, kada ka taɓa sakin tsarkiya babu kibiya, kuma ka yi tsarkiyar da zaren Dacron, domin zarurrukan zamani marasa miƙewa suna tsaga kan reshen da ba a ƙarfafa ba, igiyar nailan ta kasuwa kuma miƙewa take yi ba iyaka.

Kafin ka manna na uku

Wurin da bakanka na farko ya ɗago, ƙarshen mariƙi, shi ne inda yawancin bakunan haɗin gida suke mutuwa, ko da kayan na ainihi ne. A nan katako mai kauri yake sirancewa ya shige tsakanin fallaye, kuma dole ya ƙare kamar takarda, har haske yana ratsa shi: kusan milimita ɗaya da rabi a inci ɗaya daga ƙarshe, milimita uku a inci biyu, da gangara mai laushi babu tudu. Idan ya ƙare da kauri, zai bar rami cike da gam, kuma reshe zai riƙa karyewa a kansa. Ga mariƙi, maɗaci, madobiya, ƙirya da kawo duk suna da nauyi da ƙarfin da ake so, muddin sun bushe a iskar Kano, domin mariƙin da aka yi da ɗanyen katako a damina yakan tsage idan hunturu ya shigo. Ga fallen tsakiya, a waje mapul da gora aka fi amfani da su. Gorarmu siririya ce, sai an tsaga an haɗa gefe da gefe kafin ta ba da faɗi, amma tana yin aiki. Farin katako mai laushi irin obece ba ya jure zamewar da ke tsakiya, kuma duk fallen da yake da ƙulli ko jijiyarsa ta fita ta gefe a ajiye shi.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne gwajin bushe: ka jera komai a mol babu gam, ka ɗaure ko ka hura iska kamar da gaske, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gefe. Duk inda haske ya ratsa, nan farin tabo zai fito. A wannan gwaji ne za ka ga ko fallaye suna zamewa gefe, ka sa musu ƙananan zobban ƙarfe irin na noti a jikin mol su tare su, ka ɗaure mariƙi da salatif mai zare daidai layin tsakiya, kuma ka san minti nawa aikin yake ci. Bayan gashi, ka bar kawunan da ɗan faɗi har sai ka ɗaura tsarkiya karo na farko ka ga inda take son zama, sannan ka rage. Wajen yanka da gogewa ka sa takunkumi mai tace ƙura, tabarau da riga mai dogon hannu, ka yi a waje nesa da yara, domin ƙurar faiba gilashi ce, kuma ifoksi yana jawo ƙaiƙayin fata mai dawowa ga wanda ya saba taɓa shi babu safar hannu. Idan hunturu ne, ka yayyafa ruwa a ƙasan shago ka rufe ƙofa kafin ka buɗe gam, ka ɗan ɗumama gwangwanayen idan sanyin safiya ya daskarar da su.

Ka rubuta kaurin kowane falle na wannan baka na biyu a gindi, tsakiya da kai, tare da faɗinsa, tsawonsa da nauyin da ya bayar. Da wannan lissafi, a kan mol ɗin nan idan sikwaya ta wanke shi, rage kamar kashi 12 cikin 100 na jimillar kauri daga katakon tsakiya zai kai ka kusa da laba 40. Idan ka turo mini waɗannan awo, da hoton tabon bayan ka zagaye su da alƙalami, da sunan gam ɗin da ka yi amfani da shi, zan iya gaya maka ko ya cancanci ka ci gaba da gyaran na biyun, in sha Allahu.